Ku Masu Daidaita Haruffa, Ku Ɗaga Kai

Duk ranar Asabar da hantsi, kawuna kan shimfiɗa tabarma a soron gidanmu da ke Ƙofar Ruwa, ya ɗauko tafiretarsa ƙirar Olympia, ya ajiye ta a gabansa kamar mai shirin yi wa jariri wanka. Ga tsohon buroshin haƙori a gefe, ga allura, ga tsumma, ga 'yar kwalbar sifirit. Daga Litinin zuwa Juma'a yana bakin kotu, yana buga wa jama'a takardar rantsuwa da ta cinikin gida da ta rabon gado. Asabar kuwa ranar keken rubutun ce. Sai ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya sa tsinin allura ya tono dattin ribin da ya toshe cikin "o" da "e" da "a", don in suka cushe baƙi ƙirin suke fitowa, ba a bambance wannan da wancan. Na taɓa tambayarsa dalilin da ya sa ba ya ɗiga mai a tsagogin da sandunan haruffa suke kwana. Ya ce, "Ɗana, mai da ƙurar hunturu in suka haɗu, taɓo suke zama. Nan wurin wankewa ake yi, ba a shafa masa komai."

Da ku nake yau, 'yan uwan sana'ar kawuna: masu buga takardu a ƙofar kotunan Gidan Murtala da Ƙofar Kudu, akawunan da ke juya rubutun alƙali zuwa kwafin shari'a, da masu gyaran da ke miƙe sandar da ta lanƙwashe. Na san abin da ake faɗa muku. An ce zamaninku ya wuce, an ce aikinku na kwabo da ahu ne. Kada wannan magana ta shiga zuciyarku.

Ku dubi abin da ke ratsa yatsunku. Tsohuwa ta zo da jikokinta marayu, ba ta iya karatu ba, ta faɗa muku iyakar gidan ɗanta gabas da yamma, ta dangwala yatsa a kan abin da kuka buga. Amanarta gaba ɗaya tana kan wannan takarda. In aka ɗaukaka ƙara, alƙalan sama ba su ga fuskar mai shaida ba, ba su ji rawar muryarsa ba. Abin da kuka buga shi za su karanta, a kansa za su yanke hukunci. Lamba 3 da ta cushe ta koma kamar 8 tana iya raba zumunci har jikoki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ɗora wa marubuci nauyin ya rubuta da adalci. Wane ne zai raina sana'ar da aka ambata a irin wannan wuri?

Ga kuma wani nauyi da ya keɓanta da ku, ku masu buga Hausa. Yawancin kekunan nan da aka ƙera a Jamus da Italiya da Ingila ba a yi su da ɓ da ɗ da ƙ ba. Amma a takardar gado, tsakanin "da" da "ɗa" akwai magaji guda. Tsakanin "kasa" da "ƙasa", tsakanin "bata" da "ɓata", akwai hakkin mutum. Kawuna in ya zare takarda daga keke, sai ya ɗauki biro ya bi layi layi yana sa wa haruffa lanƙwasarsu, kafin ya miƙa wa mai ita. Ba wanda ya biya shi kuɗin wannan bitar, ba wanda ya tsaya a kansa. Tsoron Allah ne da kishin aiki.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne muke wannan hidima da maɓallai. A kotunan Amurka akwai ma'aikacin da ke zaune kusa da alƙali da wata 'yar na'ura mai maɓallai 22 kacal, wadda wani mai suna Ward Stone Ireland ya tsara fasalinta a farkon ƙarni na 20. Ba harafi harafi ake buga ta ba: yatsu da yawa ke sauka lokaci guda, gaɓar kalma ko kalma sukutum ta fito a bugu ɗaya. Kafin ƙungiyarsu ta ƙasa ta ba mutum shaidar ƙwarewa, sai ya kamo tambaya da amsa a kan kalma 225 cikin minti ɗaya. A irin wannan gudu, maɓallin da ya cika laushi zai jefo harafin da ba a nufa ba don yatsa ya gifta ta kansa, wanda ya cika tauri kuma zai haɗiye harafin da aka nufa. Shi ya sa suke zama su saita zurfin maɓallai da taurinsu daidai da hannunsu, su rage wa ɗan ƙaramin yatsa nauyi tunda ba shi da ƙarfin manuniya. Abin da suke yi ke nan, kuma shi kawuna yake yi a soro da allura. A can ana girmama mai wannan aiki a matsayin ƙwararre. Ku ma ƙwararru ne, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Ku kuma mutanen kasuwar Ƙofar Ruwa, masu rodi da ƙusa da kayan gyaran mota, da hannunku a cikin wannan lada. Ran da sifirin ɗin da ke jan kan keken ya tsinke, kawuna bai aika Legas ba. Cikin kasuwa ya shiga da guntun a tafin hannu, rumfa rumfa, har wani mai gyara ya dube shi ya ce, "Baba, zauna, yanzu za a yi." Ya yanko daga wani tsohon ƙarfe, ya gasa bakinsa, ya lanƙwasa, ya ɗaura. Washegari ƙararrawar ƙarshen layi tana kaɗawa a bakin kotu. Ba abin mamaki ba ne: a gindin Dala kuke, inda tarihin Kano ya ce maƙera ne suka fara zama don neman tama. Kamfanin Godrej na Indiya, ɗaya daga cikin na ƙarshe masu ƙera tafireta a duniya, ya zuwa 2011 ya riga ya daina. Duk keken da kuka ji yana ƙara a Kano yau, hannun mai gyara ne ya raya shi.

Kwamfuta ta zo, ku karɓe ta hannu bibbiyu. Yatsun da suka haddace wurin kowane harafi ba sa ɓata a kan sabon allo, ga ɓ da ɗ da ƙ yanzu har a waya. Amma ku tafi da tarbiyyar tsohon keke: a rufe na'ura da ƙyalle in an tashi, a busa ƙura daga ƙarƙashin maɓallai, a gyara wanda ya fara maƙalewa tun bai jawo kuskure ba, a karanta wa mai takarda abin da aka buga kafin ya sa hannu. Tsohon keken ma kada a yar; ran da aka ɗauke wuta shi zai fitar da marayu kunya.

Ku jawo yara kusa. Ku nuna musu inda ake sa mai da inda ba a sawa, ku koya musu cewa mai gyara ba ya dukan abin da bai fahimta ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ku nemi hakkinku cikakke ba tare da sunkuyar da kai ba, don wanda ke tsare hakkin mutane bai cancanci a tauye nasa ba.

Kawuna ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma har yau a cikin akwatunan gidaje da dama na Dala da Ƙofar Ruwa akwai takardun da ya buga, sun yi ja don tsufa, kowane harafi a tsaye, kowace lanƙwasa a wurinta, suna kashe rigimar da ba ta ma taso ba. Asabar mai zuwa, ku shimfiɗa tabarma, ku ɗauko allura. Allah ya yi wa hannuwanku albarka.