Bulala Ko Dabara: Wa Ke Da Alhakin Yaron Da Ya Ƙi Karatu?

A unguwar Briqueterie ta Yawunde, yaro yakan tashi da Hausa a gida, ya ɗauki allo da Larabci, ya shiga aji a tarbe shi da Faransanci ko Ingilishi, harsunan hukuma a Kamaru. Idan ya kasa haɗa baƙi sai a ce daƙiƙi ne, a ɗauko bulala. Shin adalci ne a hukunta yaro kan abin da aka faɗa masa da harshen da bai ji ba?

Masu bulala suna da hujja. Sukan ce ilimi ba ya samuwa sai da wahala, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne hadda tana son naci, malamin da ya mayar da aji dandali kuwa ya ci amanar iyaye. Amma naci daban, tsoro daban. Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddima cewa tsanantawa tana koya wa ɗalibi kasala da ƙarya, domin abin da yake nema shi ne ya tsira daga duka.

Magabatanmu sun san dabara. Malaman allo sun raɗa wa baƙaƙen Larabci sunayen Hausa, kamar ba guje da min jaye da ha kuri, har yaro ya riƙe siffarsu yana rerawa, ya bi babbaƙu kafin farfaru. Nana Asma'u ta karantar da mata da waƙa ta hannun jajinta. Abubakar Imam ya jawo yara ga boko da labaran aku a Magana Jari Ce. A Kamaru ma, shirin PROPELCA da Maurice Tadadjeu ya jagoranta tun 1981 ya ginu ne kan fara karatu da harshen uwa, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ambaci raya harsunan ƙasa.

Saboda haka ina ganin jawo hankalin yaro haƙƙinsa ne a wuyan malami. Malamin Tsinga da ya soma da tatsuniyar Gizo, ya rubuta sunayen kayan kasuwar Mokolo da Hausa kafin ya kawo na Faransanci, ya sauke wannan nauyi. Wanda kuwa ya tsallake haka ya ɗaga bulala, a fara tambayarsa kafin a tambayi yaron.