Alkawarin Aure da Kunnen Shaidu

A wasu majami'un Kafanchan da Kagoro, akan maƙala wa ango ƙaramin makirufo a wuyan riga, domin na kujerar baya ya ji alkawarinsa. Wasu na ganin fankama ce, tunda Allah na jin ko da raɗa. Haka ne, amma aure amana ce da jama'a ke riƙewa. Cocin Katolika na buƙatar shaidu biyu, a Musulunci ma shaidu kan saurari siga daga bakin waliyyi da wakilin ango. Wanda bai ji ba, me zai shaida ranar da rigima ta taso? Don haka na'urar tana da gurbinta, muddin an daidaita sautin, lasifika ba ta hana maƙwabta sakat ba.