KANKANA DA GIYA A KOFI ƊAYA: IN AN CIRE GIYAR FA?



Da zarar zafi ya kama a Turai da Amurka, daga Yuni zuwa Agusta, sai bidiyoyin nan su cika mana waya: a markaɗa kankana, a tace, a matsa lemun tsami, a zuba ƙanƙara da ganyen na'ana'a, sannan a tsiyaya barasar da suke kira jin. Kofin ya fito jajir yana raɓa. Wanda ya san zafin Afrilu a Arewa, wallahi kallo kaɗai sai ya tayar masa da ƙishi.

Hukuncin wannan kofi ba shi da wahala. Jin barasa ce da ake turarawa a tace, dangin ogogoro, kusan kashi 40 cikin 100 na kwalbar zallar abin maye ne. Ta taɓa addabar talakawan Landan har majalisar Ingila ta kafa mata doka a 1751. Kankana ba ta tsarkake ta. Aikinta kawai ta ɓoye ɗacin, mutum ya yi ta kwankwaɗa bai ankara ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda matasa ke yi: Malam, in na cire giyar fa?

Ruwan kankana da lemun tsami halal ne, ka sha ka gode wa Allah. Sai dai Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kawo wata mas'ala a Ihya'u Ulumiddin: mutane su shirya zama irin na mashaya, da kofunansu da mai zagayawa yana zuba musu, alhali abin da ke ciki halal ne. Ya ce zaman ya haramta saboda kamanceceniya da masu fasadi.

A nan nake ganin lamarin yake. Ba ina cewa duk kofi mai doguwar ƙafa haram ba ne, a gidaje da yawa kofin baƙi ne kawai, har zoɓo ake sha da shi. Amma in ka kira abin shan da sunan haɗin giya, kuka gwara kofuna, ka ɗora hoton don a ɗauka kai ma ɗan gari ne, to tambayi zuciyarka: sanyin kake nema, ko kamannin? Ga ƙaninka yana kallo. Shi bai san ka cire komai ba, suna da siffa ya haddace, kuma ranar da aka miƙo masa na ainihin a wani biki ba zai ga baƙon abu ba.

Wallahu a'alamu.