Kau da Ido Gaban Majigi: Tsaron Rai ne ko Gudun Gaskiya?

Akwai wata gardama da takan tashi a tarurrukan matasa da na zumuntar mata, wani lokaci har a bakin ƙofar coci bayan an tashi sujada. Wannan ya ce shi ba ya kallon fim ɗin da ake zubar da jini. Waccan ta ce da zarar ta ga boka a allo sai ta kashe akwatin. Wani dattijo kuwa ya ce in ba labarin Littafi Mai Tsarki ba ne, ba ya zama. Sai masu ƙaramin shekaru su yi musu dariya, su ce ai kun takura wa kanku, kun hana idonku rabin abin da duniya ta ƙunsa. Wa ke da gaskiya a tsakaninsu? Tambayar ta fi ƙarfin hira, domin ta taɓa lamiri, ta kuma taɓa yadda muke duban maƙwabtanmu.

Wannan gardama ta girme mu a garin nan. Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo, inda Fagge da Sabon Gari suke maƙwabtaka, yana tafiya ne a yankin da Kano ta fara koyon kallon fim. An buɗe gidan silima na Rex a Sabon Gari a 1937. Daga baya aka sami Plaza da Wapa a Fagge, da Eldorado da Queens a Sabon Gari. Tun farko mutanen kirki da yawa, Musulmi da Kirista, sun ɗauki silima wurin 'yan iska. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya a watan Mayu na 1951, ta hallaka mutum 331, an sami waɗanda suka ce hukuncin Allah ne a kan masu kallo. Duk da haka layin sayen tikiti bai yanke ba. Yau yawancin waɗannan gidaje sun rufe, kaset ɗin bidiyon da aka yi ta saye a wajejen Bata ya zama tarihi, silimar kuma ta koma cikin wayar hannu. Amma tambayar tana nan inda kakanninmu suka bar ta.

Mu fara da ba wa ɗanɗano haƙƙinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mutumin da ya yini cikin rana a kasuwar Sabon Gari, ya dawo gida a gajiye, ya ce shi ban dariya yake so, bai yi zunubi ba. Babu doka ta Allah ko ta Ikkilisiya da ta wajabta wa Kirista kallon fim, balle wani irin fim. Sai dai a nan mutane sukan yi tsalle ba su sani ba. Daga cewa "ba na so" sai su wuce zuwa cewa "ba shi da kyau", daga nan kuma zuwa "mai kallonsa ba mutumin kirki ba ne". Maganar farko labarin ɗanɗanonka ce, kai ne kuma shaidarta. Ta biyu hukunci ne a kan aikin da ba ka gani ba. Ta uku hukunci ne a kan ɗan'uwanka, wannan kuwa Ubangiji ya yi mana kashedi a kansa.

A ɗauki Mother India, fim ɗin Indiya na 1957 wanda iyayenmu suka kalla har suka haddace. Wanda ya yi wa kansa doka cewa ba ya kallon kisa, dole ya guje shi, gama a ƙarshensa uwa ce take harbe ɗan cikinta. Amma me ya kai ta? Mai ba da bashi da ruwa ya tsotse gidanta shekara da shekaru, ɗan ya tashi da ɗacin zalunci har ya zama ɗan fashi, ya kashe azzalumin, ya ɗauke 'yarsa a ranar aurenta. Uwar, wadda ta sha wuya fiye da kowa a hannun wannan mutum, ta ƙi yarda a rama zalunci da keta mutuncin yarinyar da ba ta yi laifi ba. Na sha jin wa'azi a kan ramuwa, na kuma yi nawa, amma kaɗan ne suka kai inda wannan harbi ɗaya ya kai. Wanda ya ji kalmar kisa ya juya baya ya rasa wannan, kuma gaskiya ita ce ya yi hasara.

Ikkilisiya ma ta bi wannan tunani a hankali. A 1936 Paparoma Pius na 11 ya rubuta wasiƙar Vigilanti Cura, yana gargaɗi a kan finafinan da ke ɓata tarbiyya, yana neman a riƙa tantance su domin masu bi. Da Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da takardar Inter Mirifica a watan Disamba na 1963, ba ta janye gargaɗin ba, amma ta ƙara wani abu. A sashe na 7 ta yarda cewa nuna mugunta cikin labari yana iya taimaka wa mutum ya fahimci ɗan Adam sosai, ya kuma ga darajar gaskiya da nagarta, muddin an yi shi da kamewa. A 1995 kuma, lokacin cikar silima shekara 100, ofishin Batikan mai kula da hanyoyin sadarwa ya fitar da sunayen finafinai 45 da ya ga sun cancanci a san su. A ciki akwai Schindler's List na 1993, wanda ya nuna kisan Yahudawa a zamanin Hitila ba tare da rufa-rufa ba. Akwai kuma fim ɗin Bishara ta hannun Matiyu na 1964, wanda Pasolini ya shirya, mutumin Italiya ɗan gurguzu da ba ya da'awar bangaskiya. Ashe ma'aunin Ikkilisiya ya wuce sunan batun da aka taɓa, ya wuce ma addinin wanda ya riƙe kyamara.

Ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suke durƙusawa gaban gicciye. Mu ne muke bin Hanyar Gicciye kowace Jumma'a ta lokacin Azumi, muna tsayawa sau 14 muna duban bulala da ƙusa da gawa. Littafin da muke sumbata a bagade yana ɗauke da kisan Habila, da cin amanar da Dawuda ya yi wa Uriya, da yankan jariran Baitalami. Ku tuna ma yadda annabi Natan ya kama Dawuda. Bai fara da tsawa ba. Labari ya ba shi, na mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, sarki ya husata ya yanke hukunci, sa'an nan ya gane kansa ya hukunta. Da Dawuda ya ce shi ba ya sauraron labarin zalunci, da tubarsa ta yi jinkiri.

To, kada matasa su yi saurin tafa hannu. Waliyyi Agustin, a littafinsa na Ikirari, ya ba da labarin abokinsa Alipiyus, saurayi mai natsuwa da ya je Roma karatun shari'a. Abokai suka ja shi da ƙarfi zuwa dandalin da ake sa mutane su yi faɗa har mutuwa. Ya rufe ido, yana taƙama cewa jikinsa kaɗai suka kawo. Da taro ya ɓarke da ihu sai ya buɗe ido domin ya ga abin da ya faru, ya ga jini, daga ranar kuma shi ne mai jan wasu zuwa wurin. Alipiyus bai koyi kome game da ɗan Adam a dandalin nan ba, ƙishirwa kawai ya samo. Akwai finafinai irin wannan dandali, suna da yawa, a cikin wayoyin 'ya'yanmu suke. Akwai fim mai nuna mugunta domin ka tsane ta, akwai kuma mai tallanta domin ka saya. Ana gane su da abin da suka bari a zuciya. In ka tashi kana jin tausayin wanda aka zalunta, an buɗe maka ido. In ka tashi kana marmarin a ƙara, kana ganin mace kamar kaya, ko kana jin daɗin yadda aka fasa kan mutum, to an sayar maka da wani abu. Wanda ya san rauninsa ya guji irin wannan bai takura wa kansa ba. Mashayin da ya tuba ba ya bin ta ƙofar gidan giya domin ya gwada ƙarfinsa.

Akwai kuma waɗanda suke kau da ido domin ciwo. A ranar 18 ga Maris 2013 bom ya tashi a tashar motoci ta New Road. A ranar Lahadi 27 ga Yuli 2014 aka jefa wani a cocin Waliyyi Charles, mutane suna fitowa daga sujada. A cikin masu karanta wannan takarda akwai waɗanda suka ɗauki gawa a waɗannan ranaku. In irin wannan mutum ya ce ba ya iya jin ƙarar fashewa ko da a fim, wane ne zai ce masa fahimtarsa ta gaza? Abin da mai shirya fim yake ƙoƙarin kwatantawa, shi ya gani da idonsa. Manzo Bulus, da yake magana da Romawa da Korintiyawa a kan abincin da wasu ke ci wasu ke ƙi, ya hana mai ci raina wanda ba ya ci, ya kuma hana wanda ba ya ci hukunta mai ci. Wannan ƙa'ida ta isa ta zaunar da gida lafiya gaban akwatin talabijin.

Wanda ya fi damuna shi ne na uku, domin ya fi kama da mu masu zuwa coci. Ba rauni gare shi ba, ba kuma ciwo ba. Ba ya so a dame shi ne kawai, sai ya sa wa wannan hali rigar ibada. A misalin Basamariye, firist da Balawe sun ga mutumin kwance cikin jini, suka ratse ta ɗaya gefen hanya, mai yiwuwa kuma suna da hujjar tsarki a bakinsu. Ni firist ne, wannan misali ba ya barina in yi barci da daɗi. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, labarin yaron da aka sace aka ratsa hamada da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. A 2020 aka fito da The Milkmaid, fim mai yawan Hausa, a kan 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya da 'yan tada ƙayar baya suka ɗauke. Ba su da daɗin kallo. Amma wanda ba ya iya zama sa'a biyu da labarin matar da aka sace, ina shakkar yadda zai karɓe ta ranar da ta dawo da goyo ta zauna kusa da shi a benci.

Wannan kau da ido yana da wata fuska da ta shafe mu a Kano musamman. Tun da aka fito da Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa suka bunƙasa a garin nan. Bayan shekara biyu Living in Bondage ya buɗe ƙofar finafinan kudu. Sai aka wayi gari titi ɗaya ya raba masu kallo biyu. A wasu gidajen Sabon Gari ana cewa fim ɗin Hausa na Musulmi ne, waƙa da rawa da rikicin kishiya, me za mu koya? A wasu gidajen Fagge ana cewa na kudu tsafi ne da tsiraici. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, gama shirme yana da yawa a duka biyun. Amma Kiristan da bai taɓa ganin yadda maƙwabcinsa yake neman aure ba, yadda yake jin kunyar surukai, yadda yake kuka a gidan makoki, yadda yake haƙuri da talauci yana ambaton Allah, da me zai auna shi ranar da jita-jita ta tashi? Da abin da ya ji a bakin masu hura wuta zai auna shi. Mu Katolika masu jin Hausa ba mu da uzuri a nan, tun da harshen namu ne, yawancin al'adun ma namu ne. Ban ce fim zai hana rikici ba. Na ce yana da wuya ka jefi mutumin da ka taɓa yin kuka a kan labarin uwarsa.

Sai dai kuka ma yana da tarkonsa, Agustin ɗin nan ne kuma ya tona shi. Ya ce lokacin da yake ɗalibi a Kartaj yana son wasannin da ke sa shi hawaye, yana jin daɗin baƙin cikin da ba ya neman kome daga gare shi, tun da ba a kiran mai kallo ya taimaki kowa. Saboda haka wanda ya kalli kowane irin fim bai fi wanda ya ƙi kallo ba, in tausayinsa yana ƙarewa tare da sunayen 'yan wasa. Na san tsofaffin mata a zumunta da ba su taɓa shiga silima ba, amma su ne na farko a gidan mara lafiya.

Game da yara magana dabam ce. Abin da baligi zai kalla ya ƙaru, yaro ɗan shekara 10 zai kalla ya firgita ko ya kwaikwaya. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, amma babu hukumar da take shiga ɗakin da yaro yake riƙe da waya da tsakar dare. Aikin iyaye ne, hani kaɗai kuwa ba ya isa. Ina roƙon shugabannin matasa da katikis na kowace coci su gwada wani abu a wannan shekara: a zaɓi fim ɗaya mai nauyi, Fada ko katikis ya fara kallonsa shi kaɗai, a faɗa wa jama'a tun da wuri abin da ke ciki domin mai ciwo ya san ko zai zo, sa'an nan a nuna shi a zauren coci, a bar rabin sa'a a ƙarshe domin tattaunawa. In ya yiwu, na farkon ya zama na Hausa.