Shin Gizo Macuci Ne?

Ran nan da sassafe, a wata gonar gero kusa da Gagarawa, na tsaya kallon wani ɗan gizo-gizo, bai kai ƙwayar wake ba. Saƙarsa kamar ƙafar keke, shi kuwa yana tsakiya, kansa na duban ƙasa. Zaren da ya miƙe ba danƙo, nan yake takawa. Na kewayen shi ke riƙe ƙuda. In saƙar ta tsufa ya cinye abarsa, ya sake wata.

To, tun muna yara tatsuniya ta koya mana Gizo macuci ne. Amma ai ƙuda bai taɓa amince masa ba, balle a ce ya ci amana. Dillalin da ya ɓoye maka aibin saniya ran Alhamis a kasuwar Maigatari fa, sai da ya kira ka ɗan'uwa.