Bashin da ke wuyan mai ilimin tattalin arziki

Ƴan uwa ɗalibai, ga wata tambaya da muka sha shayi a kanta a fada har dare ya raba: wanda ya karanta tattalin arziki, kuma zuciyarsa tana wajen talaka, me ƴan sandika da ƴan gwagwarmaya ke binsa?

Wasu suka ce ya fito titi kawai, a yi maci da shi. Ni kam ina ganin ƙafafu ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. Abin da ke ba mu kashi shi ne ranar zaman sulhu, sa'ad da wakilin gwamnati zai buɗe kundin kasafin kuɗi ya ce "babu kuɗi", wakilin ma'aikata kuwa ya rasa shafin da zai nuna masa.

Mu tuna 2005. An ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara, sukari da garin alkama, har da ruwa da wuta. A takarda, kowa daidai yake biya. Amma ma'aikacin da kusan duk albashinsa ke tafiya a cefane, harajin ya shafi kusan duk abin da ya samu. Attajiri kuwa, ɗan abin da ya kashe a kan abinci ne kawai aka taɓa. Da mutane suka gane wannan lissafi, ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya rufe kasuwanni daga Yamai har Damagaram, gwamnati ta janye da yawa daga cikin harajin. To ka ga aiki na farko ke nan: masani ya sauko da dokar kasafi daga faransancin ofis zuwa farashin tiya.

Na biyu ya fi wuya, shi ne faɗa wa abokin tafiya gaskiya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Albashi bai ragu a takarda ba, amma magani da duk kayan waje suka yi tsalle. Darasin shi ne, ƙarin albashin da tsada za ta haɗiye cikin wata shida ba nasara ba ce, ko da an yi guɗa. Haka kuma, yawancin mutanen ƙasar nan ba su da albashi; manoma ne, da makiyaya, da ƴan kabu-kabu, da mata masu tuya. In buƙatar sandika za ta ci kuɗin asibitin ƙauye, dole wani ya faɗa, tun a cikin gida, kafin abokin hamayya ya faɗa a rediyo. Masanin da ke faɗa wa shugabanni abin da suke son ji kawai, maroƙi ne, ko da digirinsa uku.

Wani zai ce: ai in ka ba masani wannan matsayi, gobe shi zai riƙe akalar tafiyar. Wannan tsoro yana da tushe. Waɗanda suka tsara mana tsuke bakin aljihun da ya kai ɗalibai gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 su ma masana ne. Shi ya sa aiki na uku shi ne saurare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamin kwantaragi da ya yi watanni yana jiran kuɗinsa ya san abin da babu shi a jadawali. Masani ya kawo lissafi, ya nuna ribar kowace hanya da asararta, amma yanke shawarar yajin aiki na waɗanda za a yanke wa albashi ne.

Mu da muka yi karatu da kuɗin harajin iyayenmu, wannan bashi ne, ba alfarma ba. Kafin kasafin baɗi ya fito, ka sami sakataren sandikar garinku, ku zauna ku karanta na bana tare, shafi bayan shafi, da Hausa.