Shin Sabon Gini Ya Fi Na Da?

Ya ku 'yan makaranta, ga wata tambaya da ta kamata mu tsaya mu auna: me ke sa a ce gini ya yi kyau? Yau daga Kutemeshi har Birnin Gwari, in mutum ya sami sukuni sai ya rushe soron ubansa, ya jera bulo da siminti, ya kifa kwano, jama'a su ce ya ci gaba. To, amma da bazara ta yi, mai gida da iyalinsa sai kwanan waje, don ɗaki ya zama tanda.

Tun kafin haihuwar Annabi Isa wani masanin gini na Rum, wai shi Bitrubiyas, ya ce abu uku ake nema ga gini: ƙarfi, da amfani, da kyan gani. Mu gwada ginin kakanninmu da wannan ma'auni. Katangar tubali mai kauri takan tsare zafin rana, ba ta sakinsa sai dare ya yi sanyi. Rufin azara ba ya ƙara in ana ruwa. Zaure kuwa yakan karɓi baƙo da mutunci, ya kuma tsare sirrin cikin gida. Da yawa cikin gidajen zamani ba su da zaure, watau baƙo ya tsaya a titi, ko kuwa ya faɗa tsakar gida.

Ku dubi Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Da ƙasa da azara ya ɗaura bakunan da masana gini na duniya suka zo suna aunawa. Masu ba da labari sun ce har Birnin Gwari aka kira shi ya yi irinsa. Can Yama ta ƙasar Nijar kuma, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. Ginin ƙasa yana bin mai shi bashin yaɓe da gyaran indararo kowace shekara, ga gara, ga ruwan damina. A watan Agusta 2023 wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufta ana salla, aka yi hasarar rayuka. Wanda ya gudu zuwa siminti don tsoron irin wannan, ba wawa ba ne.

Saboda haka abin zargi shi ne kwaikwayo ba tunani, a kwaso fasalin da aka tsara don ƙasar sanyi a dasa shi inda rana ke ƙuna. Gini amana ce, don wanda ya zana shi yakan tafi, mazauna su ke shan daɗinsa ko wahalarsa. Cikinku akwai magina da masu zanen gini na gobe. Ku koyi lissafin siminti da ƙarfe sosai, ku kuma durƙusa gaban tsofaffin magina tun suna da rai, ku tambaye su dalilin kowane abu. Allah ya sa mu dace, amin.